Ƙurar Ƙafar Kaka

A zamanin mulkin Turawa, an yi wata yarinya a Shagari mai suna Rahamatu. Ba muguwa ba ce. Sai dai akwai ta da son wasa, haƙuri kuwa babu ko na sisi.

Kakarta, wadda ta haifi babanta, ta tsufa ƙwarai. A da ita ce gwanar fura a kasuwar Shagari. Yanzu gigin tsufa ya kama ta. Ta manta hanya, ta manta sunaye. Ita kanta Rahamatu "Shatu" take ce mata, sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Ga kuma ƙafafu sun soma ƙagewa.

Baba ya ɗora Kaka a jaki ya kai ta ɗakin magani na Bodinga. Malamin asibiti, Malam Maniru, ya duba ta da kyau.

Ya ce, "Mantuwar nan ba ni da maganinta. Amma ƙafa kam, a riƙa motsa ta. A shafa mai, a lanƙwasa gwiwa a miƙe sau goma. Kullum a kama ta ta yi tafiya. In ta daɗe zaune, ba ta ƙara tashi. Bayan mako uku ina zuwa in gani."

Baba yana lambun albasa wuni zubur. Inna kuma ba ta fita. Sai aka ɗora wa Rahamatu tafiyar. Kowace la'asar za ta kai Kaka gindin tsamiyar bayan gida, ta dawo da ita.

Kwana biyu na farko ta yi. Kai, amma da wuya! Kaka ta yi taku uku ta tsaya. Ta tambayi ina za su. A gaya mata, ta sake tambaya.

"Shatu, ina za mu?"

"Ni ba Shatu ba ce! Rahamatu nike!"

Ran na uku, ga ƙawarta Atika a bayan danga tana carafke. Rahamatu ta dubi tsamiya, ta dubi duwatsun wasa. Ta zaunar da Kaka a kan wani tsohon turmi, ta tsuguna wasa. Da rana ta yi sanyi, ta debi ƙura ta shafa wa Kaka a ƙafa.

Inna ta dubi ƙafafun ta ce, "Madalla! Kun kai tsamiya?"

"Awo, Inna. Mun kai."

Kaka ba ta iya tuna komai, balle ta tona. Haka aka yi ta yi, kullum turmi, kullum ƙura.

Ranar da mako uku ya cika, sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida. Malam Maniru ya yi sallama, Baba ya shigo da shi.

Aka kama Kaka za a tayar da ita. Ta yunƙura, gwiwoyinta suka ƙi miƙewa. Ta sake yunƙurawa, sai ta saki ƙara ta zube a kan tabarma. Hawaye suka zubo mata.

Malam Maniru ya ce, "Ana yi mata tafiyar kuwa?"

Inna ta amsa daga bayan asabari, "Kullum, Malam. Da ƙura a ƙafa take dawowa."

Malam ya girgiza kai.

"In ana yi kullum kuma ga yadda ta koma, to ciwon ya fi ƙarfin tafiya. Kada a ƙara wahalar da baiwar Allah. A bar ta ta kwanta."

Baba ya sunkuyar da kai. Rahamatu ba ta taɓa ganin idon babanta ya yi ja haka ba. Malam ya ɗauki jakarsa. Ya kai bakin zaure. In ya hau keken nan, shi ke nan, Kaka ta kwanta har abada. In kuwa Rahamatu ta yi magana, kowa zai san abin da ta yi.

"Malam! Malam, tsaya!"

Kowa ya juyo.

"Ba mu zuwa tsamiya. Bisa turmi nike aje ta. Ƙurar ma ni ke shafa mata."

Inna ta yi salati. Baba ya taso.

"Mi kika ce? Uwata kika yi wa haka?"

Rahamatu ta durƙusa tana kuka. "Na tuba, Baba."

Malam Maniru ya ajiye jakarsa. Ya ce, "Kin yi babban laifi, yarinya. Amma da kin yi shiru, da laifin ya fi haka. Yanzu akwai sauran dama, sai dai ba yawa. Ku soma yau."

Aka soma, amma Kaka ta ƙi. Tana jin tsoron faɗuwa. Rahamatu ta shafa mata mai, ta lanƙwasa gwiwa ta miƙe safe da yamma. Da an ce Kaka ta tashi, sai ta ƙanƙame tabarma. Kwana shida ke nan. Rahamatu ko abinci ba ta iya ci sosai.

Ran na bakwai, Inna tana dama wa Baba fura. Rahamatu ta lura hannun Kaka yana juyawa a iska, kamar ita ke riƙe da ludayin. Nan da nan ta karɓo ƙwaryar, ta rufe da faifai, ta kawo gabanta.

"Kaka, Baba na zaure yana jiran fura. Wa za ya kai mai?"

Kaka ta ɗago kai. "Fura? Ai ba mai kai fura sai ni!"

Ta dafa kafaɗar Rahamatu. Ta yunƙura. Gwiwa ta yi rawa, Inna ta dafe ƙirji. Sai ga Kaka tsaye! Taku huɗu kawai ta yi a ranar. Kashegari ta yi bakwai. Kullum Rahamatu tana riƙe da ƙwarya a hannu ɗaya, Kaka a ɗaya hannun.

Da Malam Maniru ya dawo bayan wata guda, a bakin zaure ya tarar da su. Kaka ce ta miƙa masa fura da hannunta. Ƙafafunta sun yi butu-butu da ƙura. Baba ya dubi ƙurar, ya dubi ɗiyarsa, ya yi murmushi.

Kaka ta ja hannunta ta ce, "Shatu, mu koma."

Rahamatu ta ce, "To, Kaka. Mu tafi sannu."

Yara, in an ba ku amanar mai rauni, ku riƙe ta ko ba mai ganinku. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya tun gyara bai gagara ba.