Muryar da Awaisu Ya Naɗo a Kwarin Dayi

Ana dab da kiran magariba, Adawiyya tana kwashe tuwon masara a tsakar gidansu da ke Malumfashi, kaji suna ta shiga akurki. Mijinta Awaisu yana ɗakin zaure, inda ya jera kwamfuta da fiyano yake haɗa wa mawaƙan biki kiɗa. Mutum ne da ko akuya ta yi tari sai ya ciro waya ya naɗa, wai wata rana zai yi amfani. A makon nan ma babur ɗinsa ya mutu a bakin wani kwari kusa da Dayi, ya ji muryar mace tana rerawa daga cikin duhuwa, ya naɗe. Bai ga mai muryar ba, bai kuma damu ya gan ta ba.

Ya zuba muryar a manhajar da ke raba sauti a kan maɓallan fiyano. In ya danna na dama sai ta sirance kamar ta yarinya, in ya danna na hagu ta yi kauri kamar ta tsoho. Yana cikin wannan wasa dutse ya sauka a kan rufin kwano. Sai wani, sai wani. Adawiyya ta leƙa lungu za ta yi wa yaran unguwa faɗa, ba ta ga kowa ba.

Ta kira 'yarsu Yasmin, mai shekara tara, ta zo ta ɗauki tuwo. Yarinyar ta buɗe baki, abin da ya fito ba muryarta ba ce. Rerawa ce, tana hawa tana sauka, daidai da wadda ke fitowa daga zaure.

"Baban Yasmin, ɗauke hannunka daga abin nan!"

Ya ɗauke, yarinyar ta yi tsit. Ya taɓa maɓalli a hankali, ta yi raɗa. Ya danna da ƙarfi, ta kurma ihu. Ya kashe kwamfutar, ya zare waya daga bango, amma Yasmin ba ta ƙara cewa uffan ba. Da ya ce zai goge muryar, Adawiyya ta riƙe masa hannu tana kuka, ta ce in ta tafi da ta 'yarta fa?

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. A asibitin Funtua an duba maƙogwaro an ce lafiya lau. Kullum rana ta faɗi jifa ya dawo, iyayen su zauna su zuba wa yarinya ido, ba mai abin yi. Abin tausayi, har Awaisu ya koma tsoron wuce ƙofar zaurensa.

Daga ƙarshe aka ɗauko Malam Zainulabidin daga Gozaki, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a tabarma bayan la'asar ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can Yasmin ta ɗago kai, bakinta ya motsa ba wanda ya taɓa fiyano, aljana ta yi magana ta bakinta.

"Malam, sassauta, kana ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ubanta ya kwashe min murya. Ya zaci waƙa nake yi, alhali ɗana nake kira. Da ita yake gane hanyar gida in duhu ya yi. Tun ranar bai dawo ba."

"Bisa rashin sani ya yi. Za a mayar miki, ki fita."

"A mayar da ita yadda take."

Aka fito da kwamfutar tsakar gida. Awaisu ya shiga warware abin da ya ƙulla, gumi na zuba. Ya sauke sirantar da ya ƙara, aljanar tana cewa, "Ƙasa kaɗan. Ka wuce, dawo." Ya daidaita ƙarfin bugun, ya mayar da muryoyin da ya ninka suka koma ɗaya. Sannan ya kunna. Muryar ta tashi tas, har Adawiyya ta fara hamdala.

"Ina farkonta?" in ji aljanar. "Ina sunan ɗana?"

Awaisu ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, na yanke wurin, bai hau kiɗan ba. Ta asalin da ke wayata kuma na goge."

Malam ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah, ya ƙara karatu. Ta yi kuka mai tsawo da idon yarinyar.

"Zan tafi, Malam, don ka haɗa ni da Allah. Zan je in nemi ɗana ba suna a bakina. Uban yarinyar nan shi ma ya ɗanɗana."

Yasmin ta yi atishawa ta zube a jikin uwarta. Da ta farfaɗo ta ce, "Umma, ruwa," da muryarta ta da. Ta gaida Malam, ta tambayi wa ya rufe kaji. Sannan ta juya wajen ubanta tana murmushi, ta buɗe baki za ta kira shi, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa, ta sake.

Jifa ya ɗauke tun daga ranar. Yasmin ta koma makaranta, surutunta har ya fi na da. Amma har yau in tana son Awaisu, sai dai ta zo ta ja masa hannun riga.