Wasiƙa ta Huɗu

Sufeto ya sha binciken satar mota da fasa shago, amma bai taɓa jin an kira ɗan sanda saboda ambulan guda ba sai ranar da asibitin koyarwa ya bugo waya. Shi da Saje suka tafi, Saje yana ta mita a hanya wai da shi ne sai ya sayi wata a kanti kowa ya huta.

Sashen hoton marasa lafiya yana can ƙasan bene, inda sanyin injuna ke ratsa ƙashi. A ofishin Sakatariya suka tarar da wata matashiyar likita a tsaye, idonta ya yi ja. Auta ake ce mata, don ita ce ƙarama a sashen.

"Me ya ɓace, Likita?" in ji Sufeto.

"Wasiƙar shaida, Yallaɓai. Gurbin ƙwarewa nake nema a karatun hoton marasa lafiya. Hukumar tana son wasiƙu uku daga manyan da na yi aiki a ƙarƙashinsu, a rufe, ni ban isa in karanta ba. Mutum huɗu na roƙa, duk suka rubuta, na zaɓi uku."

"To ai saura uku. Ki aika mana."

"Ta Shugaban Sashe aka ɗauke jiya. Bana aka sa sabuwar doka, in babu tasa ko fayil ɗin mutum ba a buɗewa. Ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, gobe kuma ake rufe karɓa." Ta dubi Sufeto. "Tun ina ɗaliba nake mafarkin wurin nan."

Sufeto ya dubi durowar da aka ajiye wasiƙun. Ba a fasa ta ba, ko ƙwarzane babu.

"Hajiya, wa ke riƙe makulli?"

"Ni kaɗai," in ji Sakatariya. "Ba ya rabuwa da jakata."

Saje, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ɗaga kalandar bango. Ga makulli yana reto a ƙusa. Sakatariya ta gyara zaman tabarau, ta ce to, sai dai in za ta ɗauko yara daga makaranta. Da aka matsa, ashe har mai shara ya san ƙusar nan.

Ta fito da ambulan ukun da suka rage. Duk iri ɗaya ne, farare, da hatimin sashe da sunan Auta, babu sunan wanda ya rubuta. Ita ce ke sa lamba da fensir a baya, ita kaɗai ta san wace lamba ce ta wa. Waɗanda aka zaɓa ta ɗaure su da roba, ta huɗun ta bar ta a ƙasa ita kaɗai.

Sufeto ya shafa bakin ambulan ɗaya da babban yatsa. A gefen sama akwai ɗan tabo a jere, kamar an cije takardar da ƙananan haƙora. Ya duba sauran biyun, kowace da irin cizonta a wuri guda.

"Likita, kin san me ke yin wannan?"

Auta ta kalli tabon, ta daɗe tana kallo. "Ban sani ba," ta ce, ta kau da kai.

Sufeto ya rubuta a ransa cewa ta sani.

Aka kira Dogo, wani likita sa'anta da shi ma ke neman gurbin. Ya rantse jiya da rana ko ƙofar sashen bai taka ba.

"Mai gadi ya gan ka," in ji Saje, wanda bai ma yi magana da mai gadi ba.

Kafaɗun Dogo suka zube. "Na zo. Na zo in tambaya ko nawa wasiƙun sun iso. Ko ɗaya ba ta zo ba, Yallaɓai. Ita tana da huɗu tana zaɓe, ni ina bin manya a baranda kamar mai bin bashi. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Sufeto ya nuna masa tabon. Dogo ya juya ambulan sama da ƙasa, ya ce ko ɓera ne. Duk hoton da ya taɓa karantawa, a kwamfuta ya karanta shi, kuma a fuskarsa an ga da gaske bai gane komai ba. Aka sallame shi.

"Ta huɗun nan ta wa ce?" Sufeto ya tambayi Sakatariya.

Ta rage murya. "Ta Farfesa. Ya yi ritaya tuntuni, amma kullum da safe sai ya zo. Babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ya ba da ɗakinsa."

Ɗakin yana ƙarshen baranda, bayan ma'ajiyar kaya. Dattijo ne siriri, farar rigarsa a goge kamar yau ya fara aiki. Tsofaffin hotunan ƙirji a jibge har saman kabad. A bango akwai wani dogon akwati mai farin gilashi, irin wanda ake maƙala hoto a kunna fitila ta bayansa.

"Ranka ya daɗe, kana amfani da wannan?"

"Ina, ɗana. Wa zai kawo mini hoto yanzu? Rabona da kunna shi har na manta." Ya yi murmushi. "Na ji abin da ya faru. Kada yarinyar nan ta tayar da hankalinta. Ga tawa nan a ajiye, sai ta cike da ita."

"Wa ya ce maka taka ce a ajiye?"

Auta ta iso bakin ƙofa ta tsaya, ba ta shigo ba.

Sufeto ya matsa kusa da akwatin. Ƙura ta lulluɓe gilashin gaba ɗaya, sai gefe guda da aka goge tas. A wurin da aka goge, can ƙasa, akwai ɗan da'ira da jan fensir mai maiƙo. Irin fensirin yana leƙowa daga aljihun Farfesa.

Sufeto ya ɗauki ambulan mai lamba huɗu, ya tura bakinta cikin maƙalin da ke saman gilashin. Haƙoran ƙarfen suka zauna daidai kan tabon. Ya danna makunni. Fitila ta yi ƙifta-ƙifta ta kama, sai ga inuwar rubutun hannu ta bayyana ta cikin takardar, layi bisa layi har ƙasa. Sa hannun da ke ƙarshe ya faɗa tsakiyar jan da'irar cif.

Sufeto ya juyo ya dubi Farfesa.

"Hannu ne," in ji Farfesa a hankali. "In ido ya ga inda ciwo yake, hannu sai ya zagaye. Na ɗauka a kan ambulan na yi niyyar zanawa na fasa, ashe na zana a gilashi."

"Ina wasiƙar?"

Farfesa ya jawo wani tsohon hoton ƙirji daga jakarsa ta takarda, ya zaro ambulan daga bayansa. Ba a buɗe ta ba.

"Na ga uku a ɗaure, ɗaya a yashe. So nake kawai in san ta wa aka bari." Ya dubi Auta. "Kin ce mini tawa ce ta farko, 'yata."

"Baba, na kasa gaya maka." Auta ta shigo ɗakin. "Cewa aka yi hukuma ta fi son sunan wanda ke kan kujera yanzu. Na yi ta juya abin a raina. Kai ka koya mini kallon hoto tun daga gefe kafin tsakiya, a ɗakin nan, a gilashin nan."

"Shi kuwa Shugaban Sashen layi huɗu ya rubuta miki da inji. Bai san da wane hannu kike rubutu ba." Ya sunkuyar da kai. "Ɗalibaina duk sun watse, wasu ko gaisuwa. Na ce ke ce ta ƙarshe, bari sunana ya raka ki ko da bakin ƙofa ne. Na ɗauke tasa don ki rasa yadda za ki yi sai da tawa."

"In babu tasa ba za su duba ni ba sam, Baba. Doka ce ta bana."

Dattijon ya ɗago. Wannan kam bai sani ba, don ba a kiransa taro. Ya dafa tebur ya zauna.

Tausayi ya kama Sufeto. Shi ma yana da 'ya a wata jami'a mai nisa, kuma sau nawa yake duba waya a rana ko ta tuna da shi. Amma asibiti ne ya shigar da ƙara, ba Auta ba, dole a je ofis a rubuta jawabi.

"Ranka ya daɗe, sai mu tafi."

Saje ya taɓa ankwa a ƙugunsa, Sufeto ya harare shi, ya sauke hannu.

Farfesa ya cire farar rigar, ya rataye ta a bayan ƙofa, ya gyara mata wuya. Auta ta zare wasiƙarsa daga maƙalin, ta haɗa da ta Shugaban Sashe.

"Da taka zan aika, Baba. Zan cire ɗaya."

"Kul." Ya tsaya a bakin ƙofa. "Jiya da ta yi miki amfani ko kaɗan ne. Yau shaidar ɓarawo ce. Ki aika da ukunki kafin a rufe."

Suka bi baranda da shi, Sufeto a dama, Saje a baya, dattijon yana takawa a hankali kamar mai zagayen marasa lafiya. Auta ta mayar da ukun cikin roba ta miƙa wa Sakatariya. Ta huɗun ta sa a aljihun ƙirjinta. Ta kai hannu za ta kashe fitilar akwatin, sai ta ga jan da'irar tana nan a kan gilashi, babu komai a cikinta, ta janye hannunta ta bar ta a kunne.