Surukin Mai Kananzir

"Ki mayar masa da turarensa yau ɗin nan," in ji Malam Mato.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan mayar ba," Rahamatu ta ce, tana durƙushe.

Malam Mato shi ne mai sayar da man mota da kananzir a bakin tashar Tanut. A nan Rahamatu, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta fara ganin Ila, ranar da ya tsaya da kamiyonsa, babbar motar kaya, shan mai a hanyarsa ta arewa, inda Turawa ke haƙar wani dutse. Ta kawo wa babanta fura, Ila ya bi ta da kallo har mai ya malala ƙasa.

Daga nan duk saukowarsa sai ya zo zance. Yana kiranta Malamata.

Ranar da ya zo gaida surukai ne ya yi ɓarna. Malam Mato ya tambaye shi amfanin dutsen. Ila ya gyara zama.

"Baba, wuta ce a cikinsa. Injiniya ya ce dunƙule ɗaya ya fi ganga ɗari. Nan gaba kaɗan ba mai sayen kananzir a ƙasar nan."

A kan gangar kananzir Ila yake zaune.

"Madalla," in ji Malam Mato. "Ka zo neman 'yata, ka kawo mini ta'aziyyar sana'ata."

Rahamatu ta tare Ila a zaure. "Kai kam, kamiyonka dutse yake sha?"

"Mai yake sha, Malamata."

"To me ya kai bakinka?"

"Na so ya san ina da gobe."

"Goben nan a ƙasar Faransa za a kunna ta. Mu ko turken waya ba mu da shi. Amma ban fasa ba."

Damina biyu ta wuce. Aka kawo mata ɗan wani attajirin Gangara, ta ce a'a. Babanta ya daina amsa gaisuwarta, ita kuma ba ta daina durƙusawa ba. Ila ya ci gaba da shan mai a wurinsa, a zuba masa ba magana.

Gwaggo Kulu, ƙanwar Malam Mato, ce ta gaji. "Yaya, yawan motocin dutsen nan ai kai suke ciyarwa. Yaron ya yi wauta, bai yi sata ba."

"A ɗaura," in ji shi. "Amma ban da ni."

Ƙaninsa ya ba da auren. Gwaggo Kulu ta dafa kan amarya. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sanyaya zuciyar ubanki."

A cikin kayanta aka tarar da fitilar ƙwai da garwar kananzir cike. Ba wanda ya ce shi ya saka.

Da fitilar nan suke gani a arewa, kusa da ramin dutsen. Rahamatu ta sami Ila. Ta bar ajinta, don babu lakwal a can, kuma har aka raɗa wa ɗanta na fari suna Mato, babanta bai kira sunanta ba.