Kibiyar da Kafinta Ya Juya

Kishi mugun ciwo ne, amma akwai abin da ya fi shi muni: mutum ya yi ɓarna saboda kishi, ya ga ɓarnar ta nufi wanda yake so, sannan ya kame bakinsa don kada a ce shi ne. Samari, da ku nake, ku buɗe kunne.

Kafinta yaro ne mai hannu, katako na jin maganarsa. Saura kaɗan a ɗaura masa aure da Auta, ma'aikaciyar jinya, 'yar lelen gidansu. Mahaifinta tun farko ya ce idon yaron bai kwanta masa ba. Yayanta ne ya tsaya kai da fata, ya yi ta lallashi har tsohon ya sauko.

A farkon kaka, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, ma'aikatan asibitin su Auta suka shirya fita yawon hawan dutse. Dutse ne mai tsawo kamar katanga, hanya na bin doronsa, kwari shimfiɗe a ƙasa iya ganinka. Auta ta gayyato Yaya, ta gayyato Kafinta.

Tun a gindin dutsen abin ya fara. Jagoran tafiyar, wani dogo mai fara'a, ya dubi ƙafar Auta ya yi dariya.

"Likita, da wannan ɗaurin za ki hau? Kafin mu kai sama takalmin ya riga ki dawowa gida!"

Ya nuna mata yadda ake zagaya igiyar a idon sawu, ya miƙa mata sandarsa. Ita ma ta yi dariya, ta karɓa.

Kafinta ya ji kamar an watsa masa garwashi a ƙirji.

"Jama'a, ku ji doka," in ji Jagora. "Ni ne a gaba. Duk inda hanya ta rabu zan jera duwatsu kamar kibiya. Wanda ya makara, ya bi kan kibiyar, kada ya bi son ransa. Kuma kada kowa ya taɓa ta."

Aka kama hanya. Mutane na ta ɗaukar hoto, suna mamakin shaho da ke shawagi a ƙasansu maimakon samansu. Kafinta bai ga shaho ba, bai ga kwari ba. Sandar nan kawai yake gani a hannun Auta.

Da aka zauna hutawa a inuwar wasu manyan duwatsu, ta matso kusa da shi da gorar ruwa.

"Ranka ya daɗe, wannan fuska fa? Kamar wanda aka aiko karɓar gawa."

"Tun yaushe kika san shi?"

"Wa? Jagora? Yau na fara ganinsa."

"Yau, har ya san sunanki Likita?"

"Haba masoyina... kowa a motar nan likita yake ce masa, har direba!"

"Direban ya ba sanda?"

Auta ta dube shi, dariyarta ta gudu. "To ungo sandar, ka riƙe."

"Allah ya kiyaye! Ki riƙe abarki, ai kin sami mai kula da ke."

"Don Allah ka rage murya, Yaya na jinmu..."

"Ya ji mana!"

Ya miƙe fuu, ya kutsa bayan duwatsun. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Ƙyale shi, Auta, iska za ta huce shi."

Ayari ya tashi. Kafinta bai dawo ta hanya ba. Ya yi ta haurawa ta cikin duwatsu shi kaɗai, yana huci, yana ƙulla magana yana kwancewa, har ya faɗo kan hanyar can gaba, daidai inda ta rabu biyu. Ga kibiyar Jagora a jere tsaf, kanta na duban dama. Muryoyin ayari na tashi daga can gaba, ta hanyar dama.

Ya tsaya yana kallonta. Ya tuna akwai wasu dattawa biyu masu nauyin jiki da aka bari a baya suna haki. In suka ɓata fa? In aka yi ta nemansu, aka ce Jagora bai iya aikinsa ba? Sai ya ga inda fara'ar dogon nan za ta shiga, a gaban Auta.

Ya durƙusa. Hannun da ya saba daidaita kusurwa bai sha wuya ba. Ya kwashe duwatsun kan kibiyar, ya jera su suna duban hagu, tsaf kamar ba a taɓa ba. Ya kakkaɓe hannu ya bi dama.

A wani fili mai faɗi a bakin gaɓa ya tarar da su, an baje ana cin abinci. Idonsa ya zagaya. Ga Jagora, ga Yaya. Babu Auta.

Yaya ya ɗago. "A'a, kai kaɗai? Ina take?"

"Ba tana gaba tare da ku ba?"

"Ta koma nemanka! Mun ɗan taɓa tafiya ta ce zuciyarta ba za ta bar ta ta wuce ka ba. Ba ku haɗu ba?"



"Dattawan nan fa?" Kafinta ya tambaya da ƙyar.

"Sun haƙura tun ɗazu, sun juya wajen mota," in ji Jagora. "Kada ka damu, ango. Hanya ɗaya ce har mararraba, kuma na bar mata kibiya. Zauna ka ci wani abu, yanzu za ka gan ta."

Nan ne fa. Nan ne Allah ya ba shi ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce: na juya ta. Da ya faɗa, da an ruga an tare ta kafin ta yi nisa. Ya buɗe baki, ya ga idon Yaya a kansa, mutumin da ya tsaya masa a gaban mahaifinsu. Ya rufe bakin. Ya zauna. Har aka miƙo masa lemo ya karɓa.

Ya ce a ransa za ta gane da kanta. Ya ce yarinya ce mai wayo. Ya ce bari a ɗan ƙara jira.

Inuwa ta fara karkata. Yaya ya kira wayarta, babu sabis. Ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa.

"Jagora, hankalina bai kwanta ba. Hanyar hagun nan ina ta nufa?"

"Tsohuwar hanya ce, ruwan bana ya cinye gefenta. Amma me zai kai ta can?"

Kafinta bai san lokacin da ya zabura ba. Ya ruga, su Yaya suka rufa masa baya. Da suka iso mararraba bai tsaya duba komai ba, bai ko kalli hanyar da ta koma wurin hutawa ba. Ya yanki hagu yana kwarara kira.

"Auta! Auta! Hasken idona, ki amsa!"

Can ƙasa suka ji muryarta, siririya. Gefen hanya ya zabtare da ita, ta gangara ta tsaya a kan wani tudu, ƙafarta a karye, sandar Jagora ta maƙale a saiwa tana riƙe da ita da hannu biyu. Ƙasa da ita babu komai sai iska.

Jagora ya sauka da igiya. Aka jawo ta, aka ɗaure ƙafar, ita da kanta take faɗa musu yadda za su yi tana cije leɓe. Da ta ga Kafinta sai hawaye suka zubo mata.

"Alhamdulillahi... kana lafiya. Na zaci kai ma nan ka bi, shi ya sa na yi ta tafiya ina kiranka. Ka yi haƙuri da maganar sandar nan, ka ji?"

Ya kasa ɗaga ido.

Aka ɗauko ta a kan riguna da aka ɗaura a jikin sanduna. A mararraba Jagora ya tsaya cak, yana kallon kibiyar.

"Wallahi dama na nuna. Na rantse da Allah dama na nuna!"

Wasu suka fara gunaguni, ana cewa ganganci ne, a kai ƙararsa. Yaya ya juyo wajen Kafinta a hankali.

"Ƙanina, zo nan. Da muka iso ɗazu, kana gaba, a guje. Ba ka dubi ƙasa ba. Wa ya gaya maka hagu ta bi?"

Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka."

"Yaya... ba ita na nufa ba. Wallahi ba ita na nufa ba!"

Auta ta ɗago kai daga kan rigunan. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ka juya ta?"

"Ruhina, ki saurare ni, shaiɗan ne..."

"Na ji. Da ka isa wurinsu ka ga ba na nan, ka faɗa musu?"

Wata ma'aikaciya ta ce, "Zama ya yi. Har lemo ya sha."

Auta ta rufe ido, hawaye na bin gefen kunnenta.

"Da juyawar ce kaɗai, da na yafe maka tun kafin mu sauka. Na san zafin zuciyarka, da shi na so ka. Amma ka san inda nake, ka zauna..." Ta kawar da kai. "Yaya, ku kai ni gida."

Ya bi su a baya har gindin dutse, babu wanda ya ce masa tafi, babu wanda ya matsa masa wuri a mota.

Ya yi zarya gidansu har takalminsa ya gaji. Mahaifinta bai yi masa faɗa ba, ya dai aiko a ce masa ya daina wahalar da kansa. Mahaifiyar Kafinta ta je da kanta, ta durƙusa wa sa'ar 'yarta, Auta ta riƙe hannunta suka yi kuka tare, amma ba ta canja magana ba.

Ƙafa ta warke, ko da yake har yau in sanyi ya shigo tana ɗan ɗingishi. Jagora kuwa, ko sau ɗaya ba su sake haɗuwa da Auta ba. Mutumin yana da matarsa da 'ya'yansa, bai ma riƙe sunanta na gaskiya ba.

To ku ƙirga da ni abin da Kafinta ya rasa. Ya rasa yarinyar da ta bar ayari ta koma nemansa alhali shi ne da laifi. Ya rasa Yaya, wanda ya mai da shi ɗan'uwa tun kafin aure, yanzu in sun haɗu a hanya sai dai sallama. Ya rasa ganin girmansa a idon mahaifiyarsa. Ya rasa yardar mutane, don labari ya zaga, kuma ba kowa ke son ba shi makullin gidansa ya shiga aiki ba. Duk a kan mutumin da bai taɓa neman abinsa ba.