Harsashi na Goma Sha Shida

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe waya ta yi ƙara a ofishin Sufeto. An harbe mai kula da sito a wata ma'ajiyar magunguna da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Da ya ji sunan wurin sai da gabansa ya faɗi, don ya san wanda ke shugabancin masu gadi a can.

Baba Libarba ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana koyar da harbi a makarantar 'yan sanda kafin ya yi ritaya, kuma shi ya fara ɗora wa Sufeto bindiga a hannu. Laƙabin ya samo asali ne daga tsohuwar libarbarsa mai cin harsashi shida, wadda ya riƙa kamar 'yar cikinsa.

A ƙofar ɗakin masu gadi suka tarar da shi tsaye, hannu a aljihu. Sufeto ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, yaya abin ya faru?"

"Muna zaune ni da marigayi, sai wani ya hauro katanga, fuska a rufe. Harbi ɗaya ya yi ya arce."

"Wace irin bindiga ce a hannunsa?"

"Libarba. Ni za a ɓoye wa libarba? Duba ƙasa ma, babu kwanso."

Sufeto ya duba. Ɗakin ɗan ƙarami ne: tebur, kujeru biyu, butar shayi da kofuna biyu, ɗaya ya kife. Gawar na gefen kujera an rufe ta da mayafi. Babu kwanson harsashi ko ɗaya.

Saje, wanda suka zo tare, ya nemi ganin bindigar aikin tsohon. Sufeto ya harare shi, amma Baba ya ɗauko ta da hannun hagu ya ajiye a tebur. Sabuwar fistol ce baƙa. Saje ya zare magazin, wato gidan harsashin, ya ƙirga. Goma sha biyar cif, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Ka gani ko?" in ji Sufeto. "Ka ba Baba haƙuri."

Mai gadin ƙofa shi ne na biyu da aka yi wa tambaya. Tun kafin a buɗe baki ya soma zuba.

"Direban da aka kora makon jiya ne, yallaɓai. Na gane shi."

"An ce fuskarsa a rufe take."

"To... tafiyarsa na gane."

"Ta ina ya fita?"

"Ta ƙofa. A'a, ta katanga."

Duk tsawon maganar, takalminsa yake kallo. Kafin azahar an kamo direban a layin karɓar magani na asibiti, inda ya kai mahaifiyarsa tun ƙarfe bakwai. An sa masa ankwa a gaban tsohuwar, tana kuka tana riƙe rigar kofur ɗin da ya kama shi. Katin asibitin na aljihunsa da lokaci a rubuce. Sufeto ya ga katin, amma ya ce a tsare shi tukuna, don maganar Baba ta fi masa kati nauyi.

Likitan da ya duba gawar ya ajiye harsashin a ɗan faranti ya turo masa.

"Wannan ba na libarba ba ne. Na sababbin fistol ɗin nan ne, irin wadda ke ƙugunka. Kuma daga kusa aka yi harbin, bai fi faɗin tebur ba. A miƙe ya shiga ƙirji. Mai harbin a zaune yake."

A mota Saje ya yi ta muskutawa, har dai ya kasa haƙuri.

"Yallaɓai, in yi magana?"

"Yi."

"Libarba ce ke riƙe kwansonta a ciki. Fistol tofar da shi take yi, ta hannun dama. Kuma ɗakin nan na lura gefen dama kaɗai aka share."

Hankalin Sufeto ya tafi wani wuri. Wata uku da suka wuce yake tunawa, ranar da manajan ma'ajiyar ya nemi shawararsa kan makaman masu gadi. A gaban Baba ya zage yana yabon sabuwar fistol: harsashi goma sha biyar maimakon shida, ba nauyi, ba ta dukan hannu sosai, kunamarta da laushi, in ta ƙare kafin ƙiftawar ido ka canza magazin. Baba ya ce libarba ba ta cijewa, kuma in ka buɗe ta ramukan nan shida duk kana ganinsu da idonka. Sufeto ya yi dariya ya ce, "Baba, zamani ya tafi ya bar ta." Har manaja ya taya shi dariyar. Da sababbin suka iso, Sufeto ya yi niyyar zuwa ya nuna wa Baba yadda ake sarrafa su, sai nauyi ya hana shi. Ina ɗalibi ina koya wa malaminsa riƙon bindiga?

Mai shara suka samu a bayan sito tana wanke bokiti. Dattijuwa ce.

"Inna, wa ya ce ki share ɗakin masu gadi yau?"

"Kullum ina sharewa, ɗana."

"Da gawa a kwance? Kuma rabin ɗaki?"

 Can ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan kwanso mai ruwan zinariya.

"Baba ya ce in zubar a magudana. Na kasa. Wallahi mutumin kirki ne, shi ya samo mini aikin nan. Amma yaron da aka kama ma ɗan wata ne."

Sufeto ya karɓa. Ya ce wa Saje ya buga ofis a saki direban yanzu-yanzu, a kuma mayar da shi asibiti a motar aiki.

Baba na zaune a ɗakin masu gadi, a kujerar da ke fuskantar inda gawar ta kwanta. Sufeto ya rufe ƙofa, ya ajiye kwanson a tebur. Zama ya gagare shi.

"Baba, ina son in ga hannunka na dama."

 Tsohon ya zaro hannun daga aljihu. Filasta ce manne tsakanin babban yatsa da manuni, jini ya ɓullo ta cikinta.

"Ƙarfen saman fistol komawa baya yake yi in ta tashi," in ji Sufeto, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wanda ya yi mata riƙon libarba, nan take yankarsa."

"Ka karantu," in ji Baba.

"Ta yaya magazin ya cika?"

"Yau ban ƙara masa komai ba." Ya kalli kwanson. "Ran da aka kawo fistol ɗin na ɗana ta, harsashi ɗaya ya bar magazin ya hau maƙogwaronta, na cike gurbinsa a magazin kamar yadda takardar bayaninta ta ce. Daga nan na manta da shi. Yau muna shan shayi marigayi yana tsokanata, wai an ba tsoho abin da ya fi ƙarfinsa. Na ce bari in nuna masa. Na zare magazin na ɗora a tebur, na ce ka ga yanzu fanko ce. Maganarka ma nake maimaita masa, cewa kunamarta da laushi. Na taɓa."

Ya rufe fuska da tafin hannu.

"Shekara talatin ina faɗa muku kada ku nuna wa mutum bakin bindiga ko da fanko ce. Na mari yara a kan haka. Kai ma na mare ka."

"Ka mare ni, Baba."

"Da na ga ya faɗi, ban yi tunanin kurkuku ba. Ku na tuna, ɗalibaina, yadda za ku ji. Mai gadi ya ce a jingina wa direba, na yi shiru. Wannan shirun ya fi harbin ƙona ni."

Sufeto ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ni ne na sa aka raba ka da bindigar da ka sani. Kuma ban zo na nuna maka ba."

"Sau uku na ɗauki waya in kira ka," in ji tsohon. "Sau uku na ajiye. Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba. Ka rubuta abin da na faɗa, ka sa har da direban."

Sufeto ya rubuta, Baba ya sa hannu. Saje ya shigo da ankwa, ya tsaya yana kallon maigidansa. Sufeto ya karɓa ya sa da kansa, idonsa a bango.

Suna fitowa tsakar ma'ajiyar, ma'aikata suka dare gefe biyu, ba mai ɗaga kai. An riga an saka mai gadin ƙofa a bayan mota. A bakin ƙofa wata mata ce zaune a benci da goyo, 'yan'uwanta kewaye da ita. Matar marigayin ce. Da ta hango Baba sai ta miƙe da sauri, ba ta ga ankwar ba, don rigar sanyin da Sufeto ya yafa masa ta rufe hannuwan.

"Baba, sannu da ƙoƙari. An ce tun safe kake tsaye a kan maganar. An kama shi kuwa?"

 Tsohon ya karkaɗe kafaɗa rigar ta zame ƙasa, ya ɗaga hannuwansa biyu inda za ta gani.

"An kama shi, 'yata," ya ce. "Ga ni."