Ɗigon Ruwa a Furen Kabewa

A wani gari can, an yi wata yarinya mai son ɗaukar hoton furanni. Ran nan da ruwa ya ɗauke, ta ga wani ɗigo yana lilo a bakin furen kabewa. Ta saita kyamararta ke nan sai ga wata tsohuwa ta zo wucewa.

"Sannu, jikata. Yaya ruwa?"

Ɗigon ya yi rawa. Yarinyar ta dubi ɗigo, ta dubi tsohuwa, sai ta sauke kyamara ta durƙusa. "Ruwa ya yi gyara, Kaka."

"Yaya mutanen gida?"

Ɗigon ya ƙara rawa. "Lafiya lau, Kaka."

"Yaya akuyar nan taku mai tari?"

Ɗigon ya faɗi ƙasa, ɗis. Yarinyar ta haɗiye kukanta, ta ce, "Ta ji sauƙi, Kaka."

Tana nan durƙushe sai ta hango wani ɗigo a ƙarƙashin furen, ya fi na farko girma. Ga tsohuwar a cikinsa 'yar mitsitsiya, kai ƙasa, ƙafa sama. Ta ɗauka, ta nuna mata.

Tsohuwa ta ƙura wa hoton ido, ta gyara ɗaurin zaninta. "Sake ɗauka, jikata," in ji ta. "Ai ban shirya ba."