Jikan Mafarauta da Ɗawisu

A wani zamani, wani mutum ya kai 'ya'yansa biyu gidan namun daji a wata ƙasa mai nisa.

A gaban kejin zaki ya ce, "Kada ku ji tsoro, babanku jikan mafarauta ne." A gaban kejin damisa ma ya ce, "Babanku jikan mafarauta ne."

Can sai ga ɗawisu a sake, ya baza wutsiya, ya kwarara ihu. Jikan mafarauta ya ranta a na kare, ya bar yara da takalmi ɗaya.

Autarsa Tasalla ta kori tsuntsun da ɗankwalinta kamar kazar gida, ta ce, "Baba, fito, ya tafi."

Sai na fito daga bayan kwandon shara, na karɓi takalmina.